Yadda Likitan Yara Zai Ci Moriyar Mujallun Likitanci a Bakin Aiki

Ilimin likitanci yana tsufa, kuma ba ya sallama idan zai tafi. Har cikin shekarun 1980 likitoci da yawa suna ba iyaye shawarar su kwantar da jariri rub-da-ciki, don kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Shawara ce mai kama hankali, da kyakkyawar niyya aka bayar da ita. Sai bincike ya nuna wannan kwanciyar tana ƙara haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci, a 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina. Haka kodin. An daɗe ana ba yara shi don tari da raɗaɗi, kafin hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana bayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 2017, saboda akwai yaran da hantarsu ke mayar da shi mofin da sauri fiye da kima, har numfashi ya tsaya. Likitan da ya rufe littafi ranar da ya karɓi takardar shaida zai ci gaba da aikata irin waɗannan abubuwa da zuciya ɗaya.

A mujallun likitanci irin wannan sauyi yake fara ɓulla, shekaru kafin ya shiga littafin karatu. Matsalar dai ita ce yawa. Rumbun PubMed, inda ake neman takardun binciken likitanci a intanet, shi kaɗai yana karɓar takardu sama da miliyan 1 a shekara, likitan yara kuwa ga layin masu jira, ga zagayen ɗaki, ga kiran dare. Don haka wannan jagora ta mai ganin yara kullum ce, wanda lokacinsa a ƙididdige yake. A kowane mataki kuma tambaya ɗaya ce za ta yi ta dawowa: yaran da ke cikin takardar nan, irin yaron da ke kwance a gabana ne?

Mataki na farko: fara daga gadon yaro

Karatun da ya fi zama a ka shi ne wanda wani yaro ya jawo. Ka tanadi wuri guda, ko a waya ko a ƙaramin littafin aljihu, inda za ka riƙa rubuta duk tambayar da ta tsaya maka yayin aiki. Idan ba ka rubuta ta nan take ba, kafin a tashi ta gudu.

Daga nan sai ka bambance iri biyu. Akwai tambayar sanin asali, kamar yadda wata cuta ke lalata ƙoda, ko alamomin ciwon da ka daɗe ba ka gani ba. Wannan aikin littafi ne ko maƙalar bita, kada ka ɓata lokaci kana tonon sabbin gwaje-gwaje a kanta. Akwai kuma tambayar yanke shawara: in yi wannan ko in yi wancan? Ita ce mujalla take amsawa, amma sai ka gyara mata zama. A tsaga ta gida 4: wane irin yaro, me ake so a yi masa, a madadin me, kuma wane sakamako ake nema.

Ga misali. “Me ke maganin buronkiyolaitis?”, wato kumburin ƙananan hanyoyin iska na huhun jarirai, tambaya ce da za ta kwaso maka dubban takardu. Amma ka ce: jariri ɗan ƙasa da shekara 1 da aka kwantar da buronkiyolaitis, shin shaƙa masa ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 ta nebulaiza, idan aka gwada da kulawar da aka saba ta iskar oksijin da ciyarwa, yana rage kwanakin zama a asibiti? Yanzu ka san abin da kake nema, ka kuma san takardar da za ka wuce ba tare da ka buɗe ta ba.

Mataki na biyu: nemo daga sama zuwa ƙasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗawa kai tsaye cikin gwaje-gwaje ɗaya-ɗaya. Ka fara duba ko wasu sun riga sun yi maka tankaɗe da rairaya. Na farko, ƙa'idojin aiki na manyan hukumomi: Hukumar Lafiya ta Duniya, NICE ta Ingila, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar da kake aiki. Duba shekarar da aka fitar da ƙa'idar, sannan duba ranar da suka rufe binciken takardu, don ita ce ainihin shekarun ƙa'idar. Na biyu, bitar da ta tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya guda ta auna su da ma'auni ɗaya. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, ta yi fice a nan, kuma taƙaitaccen bayanin kowace bitarta kyauta ne ga kowa. Sai idan waɗannan ba su amsa ba, ko sun kwana biyu, za ka sauko kan gwaje-gwajen da suka fito bayansu.

A PubMed, kalmomi kaɗan sun fi jimla. Ga tambayarmu ta ɗazu, rubuta bronchiolitis AND hypertonic saline ya wadatar. A gefen shafin akwai matatu. Zaɓi nau'in takarda, wato bitar tattarawa da gwajin ƙuri'a (wanda ake raba marasa lafiya rukuni-rukuni ta ƙuri'a), sannan ka shiga ƙarin matatun ka zaɓi rukunin shekaru, domin an ware jarirai sabbin haihuwa daban, 'yan wata 1 zuwa 23 daban, yara zuwa shekara 18 daban. Abu ɗaya da ya kamata a sani: matatar shekaru ta dogara ne da alamomin da ake liƙa wa takarda bayan ta shiga rumbun, saboda haka sabuwar takarda na iya zamewa. Idan sabon abu kake nema, ka cire matatar, ka sa kalmar jariri ko yaro cikin abin da ka rubuta.

Idan ka dace da takarda mai kyau guda, ta zama maka ƙofa. Duba takardu masu kama da ita da PubMed ke jerawa a ƙasa, da waɗanda suka ambace ta daga baya. Sau da yawa a nan ake gano cewa wani gwaji mafi girma ya zo ya rushe abin da ta faɗa.

Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya yanzu: suna taimakawa wajen tsara kalmomin nema, amma an sha kama su suna ƙaga sunan takarda, da marubuta, da shekara, alhali babu ita a duniya. Duk takardar da suka ambata maka, sai ka ga lambarta a PubMed ko ka buɗe ta a shafin mujallar da idonka.

Mataki na uku: samo cikakkiyar takardar, ka san daga ina ta fito

Taƙaitaccen bayanin da ke saman takarda talla ne, marubuta ne suka zaɓi abin da za su nuna a ciki. Ba a canza maganin yaro da shi. Hanyoyin samun cikakkiya ba tare da biyan kuɗi ba suna da dama. PubMed Central, wanda aka buɗe a 2000, yana ɗauke da miliyoyin takardu kyauta. Unpaywall ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza, tana nuna maka inda aka ajiye halastaccen kwafi. Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 kuma yanzu yake ƙarƙashin Research4Life, yana ba cibiyoyin lafiya da na ilimi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar shiga dubban mujallu. Ma'aikacin laburaren cibiyarku ne zai san ko kuna da rajista. In duk sun faskara, aika wa marubucin imel. Adireshinsa na jikin takardar, kuma galibi da murna suke turowa.

Sai batun mujallar kanta. Akwai tsofaffin gidaje da aka sani: Archives of Disease in Childhood tun 1926, The Journal of Pediatrics tun 1932, Pediatrics tun 1948, da JAMA Pediatrics wadda asalinta ya koma 1911 da wani suna. Manyan gwaje-gwajen yara kuma sau da yawa a mujallun gama-gari suke fita, irin su The Lancet da New England Journal of Medicine. A ɗaya ɓangaren akwai mujallun 'yan damfara, masu karɓar kuɗin marubuci su buga ko mene ne ba tare da ƙwararru sun tantance ba. Alamominsu: suna mai kama da na shahararriyar mujalla, alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, da imel na fadanci da ke gayyatar ka rubutu a fannin da ba naka ba. Duba ko mujallar tana cikin jerin mujallun da aka tantance, irin su MEDLINE ko DOAJ. Amma babban suna ma ba ya wanke takarda, kamar yadda za mu gani.

Mataki na huɗu: tsarin karatun kansa

Nan ne aikin yake. Kada ka bi takarda daga farko zuwa ƙarshe. Gabatarwa da tattaunawar ƙarshe ra'ayin marubuta ne, ka bar su sai daga baya. Fara da sashen da ke bayyana yadda aka gudanar da binciken, ka nemi abu 3: waɗanne yara aka ɗauka, waɗanne aka ƙi ɗauka, kuma a wane irin asibiti. Daga nan ka wuce jadawali na 1, wanda kusan kullum shi ke nuna shekarun yaran, da nauyinsu, da tsananin ciwonsu ranar da suka shiga. Ka ɗora yaronka a kan wannan jadawali ka gani ko yana da gurbi.

Gwajin FEAST, wanda Kathryn Maitland da abokan aikinta suka buga a New England Journal of Medicine a 2011, ya isa darasi. Shekara da shekaru an koyar cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya sa jini ba ya zaga masa jiki sosai, a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya, mililita 20 ga kowane kilo, a maimaita in da buƙata. Aka gwada wannan a kan yara 3,141 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Cikin awa 48, waɗanda aka ɗura wa ruwan albumin, wani furotin na jini, kashi 10.6 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka ɗura wa ruwan gishiri kashi 10.5, waɗanda kuma ba a yi wa ɗurin gaggawa ba kashi 7.3. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Abin da kowa ya ɗauka ceto ne, ashe yana ƙara mutuwa.

To amma wanda ya tsaya a kanun labari zai ce ke nan a daina ba yaro ruwa da sauri. A nan haɗarin yake. Koma ka karanta waɗanda aka ƙi ɗauka: babu yara masu gudawa da amai, babu masu tamowa mai tsanani, babu masu ƙuna ko rauni ko ciwon da ke buƙatar tiyata. Yaron da gudawa ta tsotse shi har idanu suka faɗa, FEAST bai ce komai a kansa ba, kuma hana shi ruwa kisa ne. Sannan duba waɗanda aka ɗauka: sama da rabinsu suna da ƙwayar maleriya a jini, kusan kashi 1 cikin 3 jininsu ya yi ƙasa matuƙa, a asibitocin da babu na'urar taimakon numfashi. Likitan da ke aiki a irin wannan yanayi, takardar da shi take magana kai tsaye. Wanda ke sashen kulawa ta musamman mai cikakkun na'urori, gargaɗi ne gare shi ya riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan yana sake duba yaro, ko da yake yaransa ba su ne na jadawalin ba.

Akwai kuma inda abin ya juya ta ɗaya gefen. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Turai daga 2005 sun nuna cewa sanyaya jikin jaririn da ya sha wuyar haihuwa har ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska, zuwa kusan digiri 33.5 na awa 72, yana rage mutuwa da naƙasa. Sai gwajin HELIX, wanda ya fito a 2021, ya gwada hakan a kan jarirai 408 a Indiya, Sri Lanka da Bangladesh. Bai rage haɗin mutuwa da naƙasa ba, mutuwa kuma ta kai kashi 42 cikin 100 ga waɗanda aka sanyaya, kashi 31 ga waɗanda ba a sanyaya ba. Har yanzu ana muhawara kan dalili, ana ambaton yawan jariran da aka haifa a wani wuri aka kawo, da ƙarancin nauyinsu, da yiwuwar cewa raunin ƙwaƙwalwar ya fara tun kafin naƙuda ta yi nisa. Ko ma mene ne dalilin, magani iri ɗaya ne, jarirai da wuri ne suka bambanta.

Bayan ka gamsu yaranka ne, sai ka auna ingancin aikin. An raba yaran rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a ta gaskiya, yadda mai ɗaukar yaro ba zai san inda na gaba zai faɗa ba? Iyaye da masu auna sakamako sun san wa ya sha me? Wannan yana da nauyi ƙwarai a aikin yara, domin sau da yawa uwa ce ke faɗin ko tari ya ragu ko barci ya gyaru, kuma uwar da ta san ɗanta ya sha sabon magani za ta ga sauƙi ko babu. Yara nawa suka ɓace kafin a kammala? Zanen da ke nuna shigar yara da fitarsu, wanda CONSORT, ƙa'idar rubuta rahoton gwaji, ta wajabta, zai nuna maka cikin minti 1. Sannan ka ɗauki lambar rajistar gwajin ka duba a ClinicalTrials.gov ko makamancinsa. Tun 2005 manyan mujallu suka shar'anta yin rajista kafin fara gwaji. Idan sakamakon da suka ce za su auna tun farko ya bambanta da wanda suke ta yayatawa a ƙarshe, da walakin.

A ƙarshen takarda, cikin ƙananan haruffa, akwai wanda ya biya kuɗin binciken da alaƙar marubuta da kamfanoni. Kuɗin kamfani ba ya nufin ƙarya. Yana nufin ka ƙara buɗe ido kan abin da aka gwada maganin da shi, domin sabon magani yakan yi kyau idan an haɗa shi da abokin karawa mai rauni ko an rage wa tsohon magani awo.

Mataki na biyar: mayar da alƙaluma su zama yara

Ba sai ka zama masanin lissafi ba. Abu kaɗan ne ake buƙata, amma a riƙe su da kyau.

Idan aka ce magani ya rage haɗari da rabi, tambayi rabin me. Saukowa daga 2 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 1,000 rabi ne, saukowa daga 40 cikin 100 zuwa 20 cikin 100 shi ma rabi ne, amma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Nemi ainihin adadin kowane rukuni ka ɗebe ɗaya daga ɗaya. Gwajin AQUAMAT na 2010 ya haɗa atesunet da kwinin a kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka 9. Mutuwa ta kasance kashi 8.5 cikin 100 da atesunet, kashi 10.9 da kwinin. Bambancin 2.4 ke nan. Raba 100 da 2.4, za ka ga cewa duk yara 41 zuwa 42 da aka ba atesunet a maimakon kwinin, an tsirar da rai 1. Ga ciwon da ke cika ɗakunan yara, wannan babban abu ne, shi ya sa a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba ga yara. Irin wannan lissafin ne za ka iya faɗa wa shugaban asibiti ko mai kula da magunguna ya fahimta.

Na biyu, tazarar tabbaci, wato lambobi biyun da ke biye da sakamako. A FEAST haɗarin mutuwa da ɗurin ruwa ya ninka sau 1.45, tazarar kuma daga 1.13 zuwa 1.86. Duka gefunan suna sama da 1, ma'ana ko ta wane gefe ka duba cutarwa ce. Idan tazara ta ratsa 1, wato inda babu bambanci tsakanin rukunan, kuma tana da faɗi, to gwajin bai iya rarrabewa ba. Wannan ya sha faruwa a binciken yara saboda ƙarancin adadi, kuma “ba mu ga bambanci ba” daban yake da “babu bambanci”. Ƙimar p, lambar da ke auna yadda sa'a kawai za ta iya haifar da irin bambancin da aka gani, ita kaɗai ba ta gaya maka girman amfani, don haka kada ganin ta ƙasa da 0.05 ya rufe maka ido.

Na uku, sakamakon da aka cuɗa wuri ɗaya. Gwajin SUPPORT na 2010 ya raba bakwaini 1,316 gida biyu: a riƙe iskar oksijin ta jininsu tsakanin 85 da 89, ko tsakanin 91 da 95. Babban abin da aka auna shi ne mutuwa ko mummunan ciwon idon bakwaini, a haɗe, kuma a haɗen ba a ga wani bambancin kirki ba. Da aka warware su, sai ga ciwon ido ya ragu sosai a rukunin ƙasa, kashi 8.6 a kan 17.9, mutuwa kuwa ta ƙaru, kashi 19.9 a kan 16.2. Duk inda ka ga an ɗaure abubuwa biyu ko uku da “ko”, kwance su ka duba kowanne shi kaɗai. Haka nan ka tambayi kanka ko abin da aka auna ya dami yaro da uwarsa. Gyaruwar lamba a gwajin jini ba ɗaya take da komawa gida da wuri ba.

Mataki na shida: kada takarda ɗaya ta juya ka

Mu koma kan ruwan gishirin nan na buronkiyolaitis. Ƙananan gwaje-gwajen farko sun nuna yana rage zaman asibiti da kusan kwana 1, aka yi ta murna, sassa da dama suka karɓa. Da manyan gwaje-gwaje suka zo, ciki har da SABRE na Birtaniya a 2014, amfanin ya yi ta ƙanƙancewa, har NICE ta ce a 2015 kada a yi amfani da shi. Wannan hali ne da aka saba gani: ƙaramin gwaji mai sakamako mai daɗi yana saurin samun bugu, wanda bai ga komai ba yakan kwana a aljihun tebur. Sabon abu mai ban mamaki daga cibiya guda, da yara 'yan ƙalilan, jira yake buƙata.

Ka kuma duba ko ba a janye takardar ba. A 1998 The Lancet ta buga rahoton Andrew Wakefield kan yara 12, wanda ya jefa zargin alaƙa tsakanin rigakafin ƙyanda, hangum da rubela da ciwon otizim. Binciken Denmark na 2002 a kan yara sama da 500,000 bai ga wata alaƙa ba. Amma sai a 2010 aka janye takardar, aka kuma soke lasisin marubucin, bayan ta riga ta sa iyaye da yawa gudun allura. PubMed yana liƙa alamar janyewa a jikin takarda, shafin Retraction Watch yana bibiyar irin waɗannan, manhajar Zotero ma tana yi maka gargaɗi idan wata takarda da ka ajiye ta faɗa ciki. Takardun da ake sakawa a intanet kafin ƙwararru su tantance kuwa, a karanta su don sanin inda aka dosa, ba don rubuta magani ba.

Awon magani yana da nasa hukuncin daban. Kada ka kwafi awo daga takardar bincike kai tsaye zuwa katin yaro. Tabbatar ko miligiram ga kilo a kowane sha ake nufi ko a yini guda, duba iyakar da ba a wucewa ga yaro mai nauyi, duba ko mujallar ta fitar da gyara daga baya, sannan ka gwada da littafin awon magungunan yara da sashenku ya amince da shi. Idan suka saɓa, ka tsaya ka tuntuɓi mai haɗa magani.

Mataki na bakwai: kai shi ɗakin marasa lafiya

Idan hujja ta yi ƙarfi, yaran sun dace da naku, kuma kuna da kayan aikin da ake buƙata, kada ka canza kai kaɗai. Likita ɗaya yana rubuta sabon tsari da safe, na dare yana sokewa, nas tana tsakiya ba ta san na wa za ta bi ba: wannan ya fi tsohon tsarin haɗari. Kai takardar zaman bita na sashe. Zaman da ya fi amfani shi ne wanda ya fara da yaron da kowa ya gani a makon, aka tura takarda tun kafin ranar, aka gayyaci nas-nas da mai haɗa magani, aka kuma tashi da ɗaya daga cikin hukunci 3: mu canza, mu tsaya inda muke, ko mu jira ƙarin hujja. A bar ƙananan likitoci su fara magana. Idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, sauran gyaɗa kai kawai za su yi.

In an yarda a canza, a rubuta sabon tsarin a shafi 1, da kwanan wata da sunan wanda zai sake duba shi. Bayan 'yan watanni a ɗebo katunan yara a ƙirga ko ana bi, da abin da ya biyo baya.

Iyaye ma yanzu suna zuwa da nasu karatun. Uwa za ta miƙo waya ta ce, “Likita, na ga an ce wannan maganin ya fi wanda kuka ba shi.” Kada ka ture wayar. Karɓa ka duba tare da ita. Sau da yawa amsar tana cikin abin da ka riga ka saba dubawa: “Mama, wannan a kan manya aka gwada shi, ba a sa yara kamar naki a ciki ba,” ko “Gaskiya ne yana taimakawa, amma ga masu ciwon da ya fi nasa tsanani.” Uwar da aka yi wa bayani haka ta fi dawowa da tambaya a kan ta je ta saya a ɓoye.

Saura karatun da ba tambaya ce ta jawo shi ba, wanda ke kare ka daga abin da ba ka ma san ya canza ba. Zaɓi mujallu 2 ko 3 na yara da 1 ta gama-gari, ka yi rajistar samun jerin abubuwan da ke cikin kowace fitowa ta imel. Karanta kanun kawai, ka buɗe abin da ya shafi yaran da kake gani. Ga mai aikin asibiti, ni dai na fi ganin amfanin mujallun bita irin su Pediatrics in Review da bugun ilimi da aiki na Archives of Disease in Childhood a kan ɗanyen bincike, haka ma sashen Archimedes na wannan mujalla, inda ake ɗaukar tambayar bakin gado a bi ta har amsa. Ga cututtukan da ka fi gani, ajiye kalmomin nemanka a asusun PubMed ka sa ya riƙa turo maka sabbin takardu duk wata. Duk tambayar da ka amsa kuma, rubuta ta a layi 4 ko 5: tambayar, abin da ka samu, ƙarfin hujjar, hukuncin da aka yanke, da ranar da ka bincika. Idan shekara 2 ta wuce a kan wannan ranar, sake gudanar da neman kafin ka koyar da amsar ga wani.